Auyakanci, Tashenanci da Shiranci: Harsunan da suka ɓace a fadamar Haɗejiya, da danginsu da suka rage

A ƙasar Haɗejiya ta yau, Hausa ce harshen kasuwa da masallaci da fada da gangamin siyasa, har mai kallo daga nesa ya ɗauka cewa haka abin yake tun fil azal. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Kafin Hausa ta game yankin, akwai al'ummomi uku a tsakanin Kogin Haɗejiya da Kogin Jama'are masu harsunan kansu: Auyakawa da Tashenawa da Shirawa. Jikokinsu suna nan, garuruwansu suna nan, sarautunsu ma suna nan, amma babu sauran mai magana da harsunan. Abin da ya rage shi ne gajerun jerin kalmomi a cikin tsofaffin takardu.

Harsunan nan uku suna da dangi na kusa da har yanzu ake magana da su a gabashin fadamar, wato Badanci da Ngizimanci da harshen Duwai. Wannan maƙala ta tattaro abin da aka tabbatar game da waɗanda suka ɓace, da halin da waɗanda suka rage suke ciki, da kuma abin da doka ta tanada musu.

Ƙasar da mazaunanta

Kogin Haɗejiya ya samo ruwansa ne daga Kogin Kano da Kogin Challawa. Bayan sun haɗu, ruwan yana ratsa Wudil da Ringim, ya gangara ta Auyo zuwa Haɗejiya. Daga nan ƙasa ta shimfiɗe, kogin ya rarrabu zuwa rassa, cikinsu har da Marma da Burum Gana, ya bazu cikin dausayin Haɗejiya da Nguru. A kusa da Gashuwa yake haɗuwa da Kogin Jama'are, su zama Kogin Yobe wanda ke ƙarewa a Tafkin Chadi.

Masarautar Haɗejiya ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas na Jihar Jigawa: Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Kirikasamma da Guri. Ban da Hausa, ana jin Fulatanci a rugage da ƙauyuka, ana jin Manganci, wanda kari ne na harshen Kanuri, musamman a arewa da gabas, sannan ana jin Badanci a ƙasar Guri da ke iyaka da Jihar Yobe. Wannan cuɗanya ba sabuwa ba ce. Fadamar ta daɗe tana tsakanin manyan ƙasashe biyu, ƙasar Hausa daga yamma da Borno daga gabas, kuma ruwa da kifi da makiyaya sun riƙa jawo mutane daga kowane ɓangare.

Su wane ne Auyakawa da Tashenawa da Shirawa

Tarihin baka ya danganta kafuwar garuruwan uku da wasu 'yan uwa uku da aka ce sun taso daga Bagarmi, a kudu maso gabashin Tafkin Chadi, kowannensu ya kafa garin da ya ɗauki sunansa. Masana tarihi suna kallon irin wannan labari da taka-tsantsan, domin kusan kowace masarauta a yankin tana da labarin baƙon da ya zo daga gabas. Sai dai labarin ya adana wata gaskiya guda: mutanen da kansu sun san cewa su 'yan uwan juna ne, kuma binciken harshe ya zo ya tabbatar da hakan daga baya.

Kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ƙasar da ta zama Masarautar Haɗejiya ta kasu ne zuwa ƙananan sarautu bakwai: Auyo, Haɗejiya, Garun Gabas, Gatarwa, Kazura, Fagi da Dawa. Auyo na daga cikin mafi tsufa da ƙarfi a cikinsu. Dukkansu suna ƙarƙashin inuwar Borno, suna kai gaisuwa ta hannun Galadiman Borno da ke zaune a Nguru. Tashena da Shira kuma suna kudu, a ɓangaren da daga baya ya shiga Masarautar Katagum. Shira a yau ƙaramar hukuma ce a Jihar Bauchi mai hedikwata a Yana.

Wani abin lura shi ne Garun Gabas, da ke ƙasar Malam Madori, ita ce Biram ta labarin Bayajida, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. Ke nan garin da ake lissafawa cikin tushen Hausawa yana maƙwabtaka da garuruwan da ba Hausa suke yi ba. Nan ne iyakar Hausa ta gabas take a wancan zamani, kuma iyakar ta yi ta matsawa gaba har zuwa yau.

Matsayinsu a dangin harsuna

Hausa tana cikin dangin harsunan Chadi, wanda ya ƙunshi harsuna kimanin 150 ko fiye a Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi. Shi kuma dangin Chadi reshe ne na babban gidan harsunan Afirka da Asiya, inda Larabci da Ibrananci da Amharanci da harshen Buzaye da tsohon harshen Masar suke. A rabon da Paul Newman ya yi a 1977, harsunan Chadi sun kasu gida huɗu: na yamma, na tsakiya, na gabas, da na Masa.

Gidan yamma ya sake rabuwa biyu. A kashi na farko akwai Hausa da Gwandara, da Bolanci da Karekare da Tangale, da Angas da Ron na ƙasar Filato. A kashi na biyu akwai Warjanci da danginsa na arewacin Bauchi, da Sayanci da danginsa na kudancin Bauchi, sai kuma rukunin Bade da Ngizim da Duwai. A cikin wannan rukuni na ƙarshe masana suka sanya Auyakanci da Tashenanci da Shiranci, har wasu suna ganin Shiranci kari ne kawai na Badanci.

Ma'anar wannan ita ce harsunan da suka ɓace ba kare-karen Hausa ba ne. Bahaushe ba zai fahimce su ba, kamar yadda ba ya fahimtar Badanci a yau. Amma dangantakar tana bayyana a tsofaffin kalmomi. Huɗu, wadda wasu Hausawa ke furtawa fuɗu, a Badanci da Ngizimanci fəɗu ce. Goma guma ce. Uku kwan ce. A Ngizimanci, mutu mətu ce, sha sau ce, ci kuma tau. Ruwa kuwa am ne, kalmar da ake samun irinta a harsunan Chadi da yawa amma Hausa ta sauya ta da wata.

Suna da sautukan da Hausa ba ta da su. Akwai gajeren wasalin da ake rubutawa da alamar ə, akwai p da v a matsayin baƙaƙe masu zaman kansu, akwai kuma wasu baƙaƙe biyu da iska ke fita ta gefen harshe wajen furta su, ɗaya daga cikinsu ana rubuta shi tl. Badancin yamma yana da wata siffa da ta ja hankalin masana tun shekarun 1960: idan aka ambaci suna shi kaɗai, yakan ƙare da harafin n, abin da ya sa aka kwatanta shi da tanwini na Larabci. Wannan kari ya riƙe bambancin jinsin namiji da tamace a sunaye kamar Hausa, yayin da Ngizimanci ya watsar da shi. Ko tsakanin 'yan uwan akwai bambancin tsarin gaɓa: shida a Ngizimanci zədu ce, a Badanci kuma əzdu.

Abin da aka rubuta a kansu

Rubutu mafi daɗewa a kan wannan rukuni bai fito daga ƙasar Haɗejiya ko Borno ba. A Firitawun ta Saliyo aka yi shi, inda wani Bajamushe ɗan mishan, Sigismund Koelle, ya tattara kalmomi daga bakin bayin da aka 'yanto daga jiragen ruwa. A littafinsa Polyglotta Africana, wanda aka buga a 1854, akwai jerin kalmomin Bade da Ngizim da Duwai. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa farautar bayi ta ƙarni na 19 ta kwashi mutanen wannan yanki har zuwa bakin teku.

Auyakanci da Tashenanci da Shiranci ba su sami ko irin wannan gata ba. Sai a farkon ƙarni na 20 jami'an mulkin mallaka suka rubuta 'yan kalmominsu, a lokacin da harsunan suka riga suka kama hanyar ɓacewa. Masu rubutun ba masana harshe ba ne, ba su nuna karin sauti ko tsawon wasali yadda ya kamata ba, kuma ba su bar tatsuniya ko waƙa ko doguwar hira ba. A shekarun 1990 wani masani Bajamushe, Michael Bross, ya sake bin tarihin harsunan uku. A 2001 kuma Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis ya wallafa nazari a kansu, inda ya kira su tsofaffin maƙwabtan Hausa na gabas, ya kuma nuna kusancinsu da Badanci.

Schuh, wanda ya rasu a 2016, shi ne ya fi kowa aiki a kan wannan rukuni. Ya fara da Ngizimanci a Potiskum a ƙarshen shekarun 1960, ya zauna a Gashuwa a tsakiyar shekarun 1970 ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta Kano, sannan ya fitar da ƙamus na Ngizimanci a 1981. Daga 2001 ya jagoranci wani shirin binciken harsunan Yobe tare da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri da masu harsunan kansu. Shirin ya samar da ƙamusoshin Bade da Ngizim da Duwai da Bole da Karekare da Ngamo, masu fassara zuwa Hausa da Ingilishi, aka buga su a Potiskum a 2004 da 2009. Kuɗin aikin daga wata hukumar binciken kimiyya ta gwamnatin Amurka suka fito.

Yadda suka ɓace

Babu ranar da za a nuna a ce a nan Auyakanci ya mutu. Harshe yakan tafi ne a hankali cikin zuriya uku: kakanni suna yin sa shi kaɗai, iyaye suna haɗa shi da wani, jikoki suna ji amma ba sa mayarwa. Abin da tarihi ya nuna shi ne jerin sauye-sauyen da suka rage wa harsunan daraja a idon masu su.

Na farko shi ne tasirin Borno. Ƙarnuka da dama harshen mulki da malanta a gabas Kanuri ne, kuma sawunsa yana nan a sarautun yankin irin su Galadima da Ciroma da Kacalla da Bulama. Badanci da Ngizimanci cike suke da kalmomin aro daga Kanuri a fannin addini da mulki da ciniki.

Na biyu shi ne jihadi. Fulanin Haɗejiya ƙarƙashin Umaru da ƙanensa Sambo sun karɓi tuta, kuma daga 1808, lokacin da Sambo ya hau, sarautun nan bakwai suka dunƙule suka zama masarauta ɗaya mai hedikwata a Haɗejiya. A kudu kuma Malam Zaki ya ci Tashena da Shira, ya kafa Katagum. Da haka fadojin da ke ɗaukaka harsunan suka koma ƙarƙashin wasu, kuma harshen da ya haɗa sababbin masarautun da Kano da Sakkwato, a bakin talaka da fatake da mayaƙa, Hausa ce. Sarkin Auyo ya zama hakimi a ƙarƙashin Sarkin Haɗejiya, kamar yadda yake har yau.

Badawa sun bi wata hanya dabam. A farkon rabin ƙarni na 19, ƙarƙashin Lawan Babuje, suka haɗa kai suka gina birni mai ganuwa a Gogaram, suka tsaya wa hare-hare daga yamma da gabas. Sarkin Haɗejiya Buhari, wanda ya gagari Sakkwato da Kano, ya rasu a 1863 a yaƙin da ya kai ƙasar Bade. Al'ummar da ta riƙe fadarta ita ce ta riƙe harshenta, waɗanda suka rasa tasu kuwa nasu ya bi ta.

Na uku shi ne mulkin mallaka. Bayan Turawa sun ci Haɗejiya a watan Afrilu na 1906, inda Sarki Muhammadu Mai Shahada ya rasa ransa, sun ɗauki Hausa a matsayin harshen En'e da kotu da makarantar elementare a faɗin Arewa. Layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda aka buɗe a 1930, ya ratsa Malam Madori da Birniwa, ya kawo cinikin gyaɗa da baƙin 'yan kasuwa, dukkansu da Hausa a baki. Wanda yake neman aiki ko aure ko karatu a wajen ƙauyensu, Hausa yake buƙata.

Nan ne darasin ya yi wa mai kishin Hausa ɗaci. Matasa da yawa suna kokawa, kuma da hujja, kan yadda Ingilishi ke danne Hausa a makaranta da ofis. Amma a fadamar Haɗejiya ba Ingilishi ne ya haɗiye Auyakanci ba. Hausa ce, kuma ita ce ke matsa wa Badanci a yau.

Dangin da suka rage

Badanci shi ne mafi girma a rukunin. Cibiyarsa tana Jihar Yobe, a ƙananan hukumomin Bade da Jakusko da kewayensu, kuma fadar Mai Bade ta tashi daga Gogaram zuwa Gashuwa a zamanin Turawa. Yana da manyan kare-kare uku: na yamma, na Gashuwa, da na kudu. Bambancin da ke tsakaninsu ya kai har shirin binciken Yobe ya yi wa na yamma da na Gashuwa ƙamus dabam-dabam. Badawan Jigawa, waɗanda ke ƙasar Guri, su ne bakin iyakar harshen ta yamma, wato su ne suka fi kusa da inda Auyakanci ya taɓa zama.

Ngizimanci yana Potiskum da kewaye, nesa da sauran danginsa, a tsakiyar Karekare da Bolewa da Ngamo. Harshen Duwai kuma yana wasu ƙauyuka a gabas da Gashuwa, kuma shi ne mafi ƙanƙanta da mafi bambanta da sauran.

Alƙaluman da ake yawan ambatowa na kundin Ethnologue ne, wanda ya taɓa ƙiyasta masu Badanci 250,000 a 2007, masu Ngizimanci 80,000 a 1993, masu Duwai kuma 11,400 a 2000. Duka ƙiyasi ne, kuma sun tsufa. Ƙidayar jama'a ta 1991 da ta 2006 ba su tambayi ƙabila ko addini ba, saboda gudun rikicin siyasa, don haka gwamnatin Najeriya ba ta da adadin masu magana da kowane harshe a ƙasar. Ko da an samu adadin ma, ba shi ne ma'auni ba. Masana suna auna lafiyar harshe ne da tambaya ɗaya: shin yara ƙanana suna wasa da shi a tsakaninsu? Harshe mai mutum dubu ɗari biyu zai iya ƙarewa cikin shekara sittin idan iyaye suka daina yi wa 'ya'yansu shi.

Ruwa da harshe

Makomar Badanci a Jigawa tana ɗaure da makomar kogin. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, sannan aka gina shingen ruwa na aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a ƙasar Auyo. Waɗannan ayyuka sun amfani birnin Kano da manoman rani, amma sun sauya yanayin kogin a ƙasa. A da ruwa yakan cika da damina ya janye da rani. Yanzu yana gudana kusan duk shekara, abin da ya ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin ruwa. Sakamakon haka wasu garuruwa suna fama da ambaliya, wasu kuma rassan da suka dogara da su sun ƙafe. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun raba dubban mutane da gidajensu a masarautar.

Dausayin yana da daraja a idon duniya. An sanya Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, daga baya aka ƙara Baturiya da ke Kirikasamma da Dagona da ke ƙasar Bade a 2008. Sai dai kariyar tsuntsaye da ruwa take nufi, ba ta shafi harshen mutanen da ke zaune a wurin ba.

Alaƙar a fili take. Ƙaramin harshe yana rayuwa ne a ƙauyen da mutane ke haihuwa, su yi sana'a, su yi aure a cikinsa. Idan su ya lalace, gona ta nutse, saurayi ya tafi ci-rani Kano ko Legas ko Abuja, iyali kuma suka koma bayan gari a Haɗejiya ko Gashuwa, 'ya'yan da za a haifa a can da Hausa za su tashi. Abin da ke fara zubewa shi ne kalmomin sana'a: sunayen kifaye da ciyayin ruwa, nau'o'in homa da mali da taru, sunayen tafkuna da lokutan cikarsu. Wannan ilimi ne da injiniyan da ke son gyara kogin yake buƙata, kuma babu shi a wani littafi.

Abin da doka ta ce

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ambaci harsunan gida uku kacal da suna. Sashe na 55 ya ce za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Ingilishi, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace. Sashe na 97 ya ba majalisar dokokin jiha damar ƙara wani harshe ko harsunan da ake yi a jihar idan ta zartar da ƙuduri. Sashe na 21 ya ɗora wa gwamnati alhakin kare al'adun Najeriya da bunƙasa su, amma yana cikin babi na biyu, wanda ba a iya kai gwamnati kotu a kan saɓa masa.

Manufar Ilimi ta Ƙasa, tun daga 1977, ta ce a koyar da yaro a farkon firamare da harshen uwa ko harshen da ake yi a kewayensa. Wannan zaɓi na biyu shi ne ƙofar da ƙananan harsuna suka faɗa ta ciki, domin a kusan ko'ina a Jigawa da yammacin Yobe harshen kewaye yana nufin Hausa. A Nuwamba 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a duk shekaru shida na firamare. A Nuwamba 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da janye ta, aka koma Ingilishi. Muhawarar da ta biyo baya ta fi karkata ga Ingilishi da manyan harsuna uku. Yaron Guri, wanda Badanci ne harshen gidansu, Hausa harshensa na biyu, Ingilishi na uku, ba a cika tunawa da shi a cikinta ba.

Ilimi dai yana cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke da ikon yin doka a kansu. Jihar Legas ta yi amfani da wannan dama a 2018 ta kafa dokar kare Yarabanci da bunƙasa shi. Ƙofar a buɗe take ga kowace jiha.

Misali daga Kalifoniya

Al'ummar Miwok ta tsakiyar Kalifoniya a Amurka ta nuna iyakar abin da takarda za ta iya cetowa. Su ma, kamar Badawa da danginsu, rukuni ne na harsuna masu tushe ɗaya, guda bakwai: uku a tsaunukan Siyera, ɗaya a filayen kogin Sakaramento, ɗaya a bakin teku, ɗaya a gefen tafki, ɗaya kuma a gabashin mashigin San Faransisko. Masani Alfred Kroeber ya ƙiyasta yawansu da 11,000 a 1770, wasu masana kuma suna ganin sun fi haka nesa. Gidajen mishan na Sifaniyawa, da cututtuka, da rububin zinare da ya fara a 1848, da kisan da ya biyo baya, suka ragargaza su, har ƙidayar 1910 ta sami ƙasa da mutum 700.

Hanyar ɓacewar ta bambanta da ta Auyo, inda mutane suka rayu harshe ya tafi. Amma abin da ya biyo baya yana da amfani a nan. Harshen Miwok na gabashin mashigin, wanda ake kira Saklan, bai bar komai ba sai gajeren jerin kalmomi da wani limamin Katolika ya rubuta a 1821, kuma shi ke nan labarinsa, tamkar Auyakanci. Sauran kuwa sun sami masu zama da tsofaffi kafin su ƙare. Sylvia Broadbent ta wallafa nahawun Miwok na kudancin Siyera a 1964, Catherine Callaghan kuma ta fitar da ƙamusoshi huɗu tsakanin 1965 da 1987. Daga 1996 Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli ta riƙa karɓar baƙuncin taron da jikokin irin waɗannan al'ummomi ke zuwa su koyi harsunan kakanninsu daga takardu da faya-fayen da aka adana. Wanda aka yi wa cikakken rubutu yana da hanyar dawowa, wanda aka bari da kalmomi kaɗan ba shi da ita.

Abin da ke hannun Jigawa da Yobe

Badanci bai kai wannan mataki ba, kuma nan ne bambancin yake. Yana da masu magana da shi na kowane zamani, yana da tsarin rubutu, yana da ƙamus, yana da fada. Akwai kuma cibiyoyin da za su iya ɗaukar aikin a kusa: Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, waɗanda aka kafa a 2013, da cibiyar binciken harsuna ta Jami'ar Bayero a Kano. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2022 zuwa 2032 a matsayin shekaru goma na harsunan asali, abin da ke buɗe hanyar neman tallafi.

Ayyukan da ake buƙata ba su fi ƙarfin jiha ba: binciken da zai nuna ƙauyukan da yara ke yin Badanci da Manganci da waɗanda suka daina, sake buga ƙamusoshin da aka riga aka yi da sanya su a wayar hannu, naɗar muryoyin tsofaffin masunta da mawaƙa, littattafan ajin farko, ɗaukar malamai 'yan asalin yankin, da fili na dindindin a gidajen rediyo. Takardun Auyakanci da Tashenanci da Shiranci kuma sun cancanci a kwafo su daga ma'adanar tarihi, a fassara nazarin da aka yi musu zuwa Hausa, a ajiye a Auyo da Kafin Hausa da Yana inda jikokin masu su za su gani.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai rage wa Hausa komai, domin mutanen fadamar sun saba riƙe harsuna biyu da uku tun zamanin Galadiman Nguru. 'Yan majalisar da ke wakiltar Guri da Kirikasamma da Birniwa a Dutse da Abuja suna da ikon kawo batun gaban majalisa, kuma masu zaɓensu suna da ikon tambayarsu ko sun yi.